Shekara Goma Kafin Kujera: Nasiha Ga Masu Burin Alƙalanci

'Ya'yana masu karatun lauya a harabar Kongo da jami'o'in Bayero da Sakkwato da Maiduguri, da ku da kuka fito daga Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda ko Bwari ko Yola kwanan nan, Allah Ya yi muku albarka. Da yawa daga cikinku, in an tambaye ku abin da kuke fata, sai ku ce kuna son wata rana a kira ku Mai Shari'a. Fata ne mai kyau, kuma ba zan rage muku shi ba, don ƙasar nan tana ƙishin alƙalai nagari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na daɗe ina shiga harabar kotuna ina fita. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da kujerar ta kuɓuce musu, na ga waɗanda suka hau ta suka sauka ba girma ba arziki. In ka bi diddigi, abin da ya kayar da yawancinsu ya faru ne tun suna ƙananan lauyoyi, lokacin da suke ganin ba wanda yake kallonsu.

Mu fara da abin da doka ta ce. Sashe na 271 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa gwamna ne yake naɗa alƙalin Babbar Kotun Jiha, bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, kuma ba a naɗa mutum sai ya cika shekara 10 da zama lauya. Haka sharaɗin yake a Babbar Kotun Tarayya, sai dai can shugaban ƙasa ne yake naɗawa. Kotun Ɗaukaka Ƙara shekara 12 take nema, Kotun Ƙoli 15. Kuskuren farko da nake gani shi ne yaro ya ɗauki shekara goman nan lokacin zaman jira, yana ƙirga su, yana buga-buga, da niyyar in sun cika ya shiga gyaran hali. Ɗana, shekara goman nan ita ce jarrabawar. Ranar da za a zauna a tantance ka, abin da ka riga ka rubuta da hannunka za a karanta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kafin ka nemi aiki, san nauyinsa. Alƙalin kotun farko shi ne wanda yake ganin mai ƙara da wanda ake ƙara ido da ido. Shi yake jin muryar shaida tana rawa, shi yake ganin wanda ya sunkuyar da kai da aka yi masa tambaya, shi yake karɓar takardar fili ya juya ta ya duba hatimi. Alƙalan da ke sama da shi takarda kawai ake kai musu. Shi ya sa kotunan ɗaukaka ƙara ba su cika taɓa abin da alƙalin farko ya tabbatar game da gaskiyar shaidu ba, sai in kuskuren ya fito fili, domin gani ya kori ji. Ma'anar wannan ita ce, in ka yi sakaci wajen sauraro, ko ka rubuta abin da shaida bai faɗa ba, da wuya a sami mai gyara maka. Ƙari a kan haka, yawancin talakawa ba su da kuɗin ɗaukaka ƙara. Matar da ta zo neman gadon marayunta, da manomin da aka cinye masa iyakar gona, a wurinsu kotunka ce ta farko kuma ita ce ta ƙarshe.

Hanyoyin isa kujerar suna da yawa. Wani yana zuwa daga ofishin lauyoyi masu zaman kansu, wani daga Ma'aikatar Shari'a inda yake gabatar da ƙara a madadin gwamnati, wani daga kujerar majistare ko ofishin babban magatakardar kotu, wani daga koyarwa a jami'a. Ina ganin yadda wasunku suke raina aikin majistare, suna cewa albashinsa kaɗan ne, kuma ana iya jefa mutum ƙaramar hukumar da ba wuta ba ruwan famfo. Ku dubi tarihin Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar. An rantsar da ita lauya a Nijeriya a 1967, ta fara aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa, ta yi majistare, ta riƙe muƙamin babbar magatakardar kotunan Jihar Kano, sannan a 1977 ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Kano. A 1987 ta tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, a 2005 Kotun Ƙoli, a 2012 ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Marigayi Mai Shari'a Mohammed Bello na Katsina, ɗan Arewa na farko da ya riƙe wannan muƙami, daga 1987 zuwa 1995, shi ma ya bi ta kujerar majistare. A ƙaramar kotu ake koyon sauraron mutumin da bai iya tsara magana ba, da gane shaidar da aka kitsa a gida, da riƙe fushi idan ɗaki ya yi zafi. Wanda ya tsallake wannan makaranta yakan biya kuɗinta daga baya, kuma da tsada.

Ku kuma da kuka karkata ga kotunan Musulunci, gidan da kuke son shiga tsoho ne mai asali. Tun 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, kuma daga cikin waɗanda suka yi karatu a can akwai Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Girandi Kadi na Jihar Arewa a 1962. Alƙalan da suka gabace ku sun ƙoshi da Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkam kafin su zauna su raba gado ko su warware aure. Yau sai ka ga ɗalibi ya yi digirin da ya haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci, amma in an buɗe masa littafi babu wasali sai gumi ya karyo masa. Wani kuma Larabcin yana nan daram, amma ya raina ƙa'idojin gudanar da shari'a da rubuta bayanan zama, sai a rushe hukuncinsa a sama alhali gaskiya ya yanke. Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce take ɗaukar alƙalan ƙananan kotuna da majistarori, amma Kadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a sai ya bi ta NJC kamar takwaransa na Babbar Kotu, shi ma da sharaɗin shekara 10. Ku riƙi ilimin biyu tare, kada ɗaya ya sa ku saki ɗaya.

Yanzu ga wata magana da kuke ɗauka ƙarama: takardunku. An saba a garuruwanmu yaro ya je a yi masa takardar rantsuwa a rage masa shekara biyu ko uku, don hidimar ƙasa ko don neman aiki. Kowa yana yi, in ji ku. To, ku sani shekarar haihuwar da ke kan takardar firamare, da ta jarrabawar sakandare, da ta jami'a, da ta Makarantar Horas da Lauyoyi, duk suna nan a ajiye, kuma akwai ranar da wani zai jera su a kan tebur guda. A 2024 NJC ta ba da shawarar a yi wa shugabannin kotuna biyu ritayar dole saboda saɓanin shekarun haihuwa a takardunsu. Mutane ne da suka kai ƙololuwar aiki, abin da aka rubuta tun da daɗewa ya biyo su. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In akwai kuskure a takardunka, gyara shi yanzu ta hanyar da doka ta yarda, tun ba ka da abin da za ka rasa. In babu, kada ka bari wani ya ruɗe ka ka ƙirƙiro shi.

Sai rubutu. Alƙalanci aikin alƙalami ne. Har yau a kotuna da dama alƙali da hannunsa yake rubuta duk abin da aka faɗa a gabansa, daga safe har azahar, sannan ya koma gida ya zauna rubuta hukunci. Sashe na 294 na kundin tsarin mulki ya ba shi kwana 90 kacal bayan kammala jin shaidu da jawaban ƙarshe na lauyoyi, kuma duk wata uku sai ya aika wa NJC lissafin shari'o'in da ya yanke. Wanda bai saba zama da littafi ba tun yana ƙaramin lauya, ba ranar rantsuwa zai saba ba. Ina ganin yadda wasunku suke kwafo jawabin wani lauya daga kwamfuta, su sauya sunaye, su miƙa wa kotu, har da hukunce-hukuncen da ba su taɓa buɗewa ba. Alƙalin da kake tsaye a gabansa yana gane wannan, ko bai faɗa ba. Kuma shi ɗin ne wata rana za a tambaya ko ka cancanta. Ka karanta hukuncin Kotun Ƙoli daga farkonsa har ƙarshensa, ka ga yadda aka jera hujja aka kai ga matsaya. Ka ajiye kwafin kowace shari'a da ka gudanar da kanka, domin idan lokaci ya yi za a ce ka kawo su, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga yadda naɗin yake tafiya a taƙaice. Idan gurbi ya samu, Babban Jojin Jiha yakan sanar, a nemi masu sha'awa, a kuma nemi alƙalai da Ƙungiyar Lauyoyi su faɗi waɗanda suka sani da cancanta. A tace sunaye, a nemi rahoton hukumar tsaro ta farin kaya da na likita, hukumar jiha ta zauna ta zaɓa, sannan a aika Abuja. NJC ta yi wa mutum tambayoyi baki da baki, in ta gamsu ta miƙa wa gwamna. Daga 2025 majalisar ta ɗauki matakin wallafa sunayen waɗanda ake shirin naɗawa domin jama'a su faɗi abin da suka sani a kansu. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Tsohuwar da ka karɓi kuɗinta ka daina ɗaga wayarta, da abokin aikin da ka ci amanarsa, da magatakardar da ka ba wani abu ya ɓatar da fayil, kowannensu yana da damar rubuta takarda.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai ƙorafi mai yawa cewa 'ya'yan manya da masu uwa a gindin murhu sukan sha gaban waɗanda suka fi su cancanta. Lauyoyi suna faɗa, jaridu suna rubutawa. Wannan ne yake sa yaro ya yanke shawarar shi ma bari ya nemi ubangida, ya dinga sintiri a gidajen 'yan siyasa. Ƙa'idojin naɗi na NJC na 2014 sun lissafa kamun ƙafa cikin abubuwan da ke hana mutum kujerar. Amma ko da ba a kama ka ba, ɗana, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya ɗora ka bai manta ba. Zai bari sai ka zauna daram, sannan wata rana da daddare waya ta yi ƙara, a ce akwai wata 'yar shari'a a gabanka. Ran nan za ka gane cewa aron kujerar aka ba ka. Akwai bambanci tsakanin babban da ya ga aikinka ya shaide ka don Allah, da wanda ka durƙusa wa ya saye ka. Na farko ka neme shi da kyawun aiki. Na biyu ka guje shi ko da zai sa ka ƙara shekara biyar kana jira.

Maganar kuɗi ma tun yanzu take farawa. Waɗancan ƙa'idoji sun ambaci mutumin da bashi ya yi wa katutu, da wanda yake rayuwar da ta fi ƙarfin samunsa. Hikimar a bayyane take: wanda ya saba da kashe abin da bai samu ba, wata rana sai ya sayar da abin da ba nasa ba. Lauya matashi yana ganin sa'o'insa da manyan motoci, sai ya taɓa kuɗin da aka damƙa masa amana, na cinikin gida ko na diyyar wani, da niyyar zai mayar. Daga nan ake fara zamewa. A 2024 an yi dokar da ta ƙara albashin alƙalan manyan kotuna ƙwarai, amma ba albashin da yake ƙosar da mai kwaɗayi, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ka koyi zama cikin abin da kake samu tun yana kaɗan. Ka saba da rubuta abin da ka mallaka da inda ka samo shi, domin alƙali dole ne ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma fom ɗin nan ba a cika shi da ka.

Ku kula da harshenku a Facebook da sauran dandalolin sada zumunta. Yau kana zagin wata jam'iyya, gobe kana yi wa wata ƙabila ko wata ɗariƙa ba'a, jibi kana yanke hukunci a kan shari'ar da ke gaban kotu. Bayan shekara goma, ɗan wannan jam'iyya ko mabiyin wannan ɗariƙa zai tsaya a gabanka, lauyansa riƙe da hoton abin da ka rubuta, yana roƙon ka janye daga shari'ar. Me za ka ce masa? Ba a hana ka ra'ayi ba, amma mai son ya yi wa kowa shari'a sai ya bar ƙofar da kowa zai iya shigowa da natsuwa.

Idan Allah Ya nufa aka rantsar da kai, za a kai ka Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da ke Abuja a yi maka bita. Akwai abin da ba a cika koyarwa a can ba, shi ne kaɗaici. Majalisar da ka saba zama da yamma sai ka rage ta. Ba kowane ɗaurin aure za ka tsaya cin abinci ba, ba kowace gudummawa za ka karɓa ba. Ragon Sallah da buhun shinkafar azumi da suka fara zuwa daga mutumin da bai san ƙofar gidanka ba kafin naɗi, ka san ba don zumunci suka zo ba, kuma in baki ya ci, ido kan ji kunya. Mafi wuya shi ne dangi. Kawu zai zo da asuba ya ce yaron da ke gabanka ɗan amininsa ne. Wanda bai saba wa danginsa da kalmar a'a cikin ladabi tun yana lauya ba, ba zai iya furta ta yana alƙali ba. Ka zaunar da iyalinka tun kafin rantsuwa, ka gaya musu cewa ba a karɓar saƙo a bayan idonka, ba a kuma kawo maganar kotu cikin gida.

A kan kujerar, abubuwa biyu nake roƙon ka riƙe. Na farko, kada ka yi gaggawar ba da umarni ba tare da jin ɗaya ɓangaren ba, musamman a rigimar siyasa. A 2021 NJC ta hukunta alƙalai uku na manyan kotunan jihohi ta hanyar dakatar da ƙarin girmansu, saboda umarnin irin wannan da suka bayar a rikicin shugabancin wata jam'iyya. Sauri ya haifi nawa. Na biyu, ka tuna da waɗanda ka aika gidan gyaran hali jiran shari'a. Mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen nan a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba. Kowace ɗage shari'a da kake yi da layi ɗaya, wata guda ne ko biyu a rayuwar wani da iyalinsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da irinta da jihohi suka yi daga baya, ta taƙaita yawan ɗage zama, har ta ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata don duba waɗanda ke tsare. Ka zauna a kan lokaci, ka sassauta sharaɗin beli inda doka ta ba ka dama, kada ka wulaƙanta wanda ya zo da yagaggiyar riga. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari a kan alƙalanci ta yi umarni da a daidaita masu jayayya hatta a wurin zama da kallon fuska, don kada mai ƙarfi ya sa rai, kada mai rauni ya fid da rai.

'Yata, ke ma da ke nake. Za a gaya miki aikin nan ba na mata ba ne, ko a ce ba ya haɗuwa da aure. Matan da suka riga ki sun amsa wannan da aikinsu, kuma yau akwai mata a kujerun manyan kotuna a jihohin Arewa da dama. Abin da zan ce miki shi ne ki yi maganar aikin da wanda za ki aura tun kafin a shafa fatiha: canjin wurin aiki, da daren rubutun hukunci, da mutanen da za su bi ta wajensa don su same ki. Miji mai fahimta garkuwa ne, wanda bai fahimta ba kuwa ta wajensa ɓaraka take shigowa.

Ku kuma sani cewa ƙofar nan shiga ake yi ba a komowa. Sashe na 292 ya hana wanda ya taɓa riƙe kujerar babbar kotu ya sake tsayawa gaban kotu a matsayin lauya. Gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2023 ya kai shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna 70. Wanda aka naɗa yana da shekara 40, ke nan yana iya yin shekara 30 yana yanke wa bayin Allah hukunci. Shi ya sa magabata suke tsoron aikin. Imamu Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga hannun Halifa Mansur har aka tsare shi a kan haka. Malamai kuma sun karantar da mu cewa alƙalai kashi uku ne, kashi ɗaya ne kawai mai tsira, wato wanda ya san gaskiya kuma ya yi hukunci da ita. Ban kawo wannan don ku gudu ba. In masu tsoron Allah duk suka gudu, kujerar ba za ta zauna babu kowa ba, wani ne zai hau. Na kawo shi ne don ku shiga da tsoron da yake sa mutum ya sake karanta fayil kafin ya sa hannu.

Wataƙila ka yi duk abin da na lissafa, a zo naɗi a tsallake ka, a ɗauki wanda bai kai ka ba. Yana faruwa, kuma yana da ciwo. Amma ba ka yi asara ba, domin halin da yake sa mutum ya cancanci alƙalanci shi ne dai yake sa a damƙa wa lauya amana, a neme shi sulhu, a ba shi rabon gado ba tare da fargaba ba. Gurbi kuma yana sake samuwa. Abin da ke hannunka yau shi ne ka duba takardunka, ka mayar da kuɗin da ba naka ba, ka karanta fayil ɗin gobe da kanka, ka isa kotu kafin alƙali ya zauna. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya tsare ku daga cin haƙƙin bayinSa, Ya sa ku gama lafiya.